KARE AMANA NE: RADDI GA MASU KIWON ADO DA MASU JIFA DA SUNAN ADDINI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci kowace dabba kuma ya ɗauki nauyin arzikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, abubuwa biyu ne suka faru a gabana a nan Moriki cikin shekara guda, su ne suka tilasta mini yin wannan rubutu.

Na farko, wani tsohon ɗalibina ne ya dawo daga birni da kwikwiyo mai gashi buzu-buzu kamar na rago. Ya ce irin karnukan duwatsun Kokeshiya ne, kuma kuɗin da ya saye shi zai iya sayen buhunan gero da dama. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini hotunan wata gasar karnuka ta Ingila, an tsefe su, an fesa musu turare, ana zagayawa da su gaban alƙalai. Burinsa shi ne ya samo mace ya riƙa haɗa su yana sayar da 'ya'yan. Na tambaye shi aikin da karen zai yi masa, ya yi dariya ya ce: “Malam, ai wannan na manya ne.” Da bazara ta kama, zafi ya haura maki 40, karen nan ya wuni a ɗaure yana haki, harshe a waje, kaska ta cika masa jiki a ƙarƙashin gashin. Bai ga damina ba.

Na biyu kuwa, a bayan makarantarmu ta Islamiyya na iske yarana suna jifan wata karya da ta haihu a kango. Sun riga sun karya mata ƙafa. Da na daka musu tsawa, sai wani daga cikinsu ya dube ni da mamaki ya ce: “Malam, ai najasa ce.” Wallahi maganar nan ta fi mutuwar karen farko yi mini ciwo, domin daga bakinmu mu malamai ya ji rabin maganar, sauran rabin kuma muka bar shi da jahilcinsa.

A ganina cuta ɗaya ce ta kama yaran nan biyu. Ɗaya ya mayar da kare kayan ado, ɗaya ya mayar da shi abin jifa, kuma babu wanda ya tuna cewa rai ne da za a tambaye shi a kansa.

ME AKE YI A GASAR KARNUKA?

Tunda hotunan gasa ne suka ruɗi ɗalibina, ya kamata mu san tarihinta. An yi gasar karnuka ta farko irin ta zamani a birnin Newcastle na Ingila a shekarar 1859, kuma karnukan farauta ne zalla aka kawo. A 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club, wadda ta ɗauki aikin rubuta nasabar karnuka. A 1891 wani ɗan kasuwa mai suna Charles Cruft, wanda ya yi aikin tallar abincin karnuka, ya fara gasar da ke ɗauke da sunansa, wato Crufts. Tun 1991 ake yin ta a Birmingham, kwana huɗu a watan Maris, ana tara karnuka kimanin 20,000.

Yadda ake hukunci shi ne, kowane irin kare yana da rubutacciyar siffa: tsawon baki kaza, faɗin kai kaza, lanƙwasar baya kaza. Wanda ya fi kusa da siffar shi ke cin kyauta, wanda ya ci kyauta kuma shi kowa ke son ya haɗa da karyarsa. Da haka sai kare ɗaya ya zama uban ɗaruruwan 'ya'ya, a dawo a haɗa 'ya'yan da jikokin, duk cutar da ke ɓoye a jininsa ta bazu cikin irin gaba ɗaya. Bugu da ƙari, idan an ce gajeren baki ne kyau, kowane mai kiwo sai ya nemi wanda ya fi na kowa gajarta, har a wuce iyaka.

Ga sakamakon. Karen da ake kira Buldog, da ɗan'uwansa Pug, an matse musu fuska har hanyar numfashi ta ƙuntata, da yawansu munshari suke yi ido biyu. Shi kare kuwa da haki yake sanyaya jikinsa, don haka wanda aka toshe wa hanci zafi kaɗan ke kayar da shi. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2010 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwar Buldog sai da tiyata, saboda kan 'ya'yan ya fi ƙarfin ƙugun uwar. Ɗan ƙaramin karen nan Cavalier ya yi suna da ciwon zuciya da kuma wata cuta da ke faruwa idan ƙoƙon kai ya yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan. Karen Jamus, wanda muka fi sani da karen 'yan sanda, masu gasa sun yi ta zaɓar mai zamammen baya har tafiyar wasunsu ta zama abin tausayi.

Kada wani ya ce ƙiyayyar Bature ce ta sa na faɗi haka, domin su da kansu suka tona asirin. A 2008 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri mai suna Pedigree Dogs Exposed, wanda ya girgiza ƙasar, har BBC ta daina nuna gasar Crufts daga 2009. A wannan shekara ce Kennel Club ta daina rajistar 'ya'yan da aka samu daga haɗa uba da 'yarsa, ko uwa da ɗanta, ko wa da ƙanwa. A 2012 aka sa likitocin dabbobi su duba waɗanda suka yi nasara a wasu nau'o'i, kuma a Crufts ta shekarar aka hana zakaran Buldog wucewa gaba saboda ya faɗi gwajin lafiya. A 2023 kotun ƙoli ta ƙasar Norwe ta tabbatar da cewa kiwon Cavalier don haihuwa ya saɓa wa dokar kare haƙƙin dabbobi.

Adalci ya wajaba ko ga wanda ake yi wa raddi. A cikinsu akwai masu kiwo na ƙwarai, waɗanda ba su haɗa kare da karya sai an ɗauki hoton ƙugu, an duba idanu da zuciya, an gwada jini don gano cututtukan gado. Abin takaici shi ne, matasanmu sun kwaso hoton da tsefewar da tsadar, sun bar musu gwajin lafiyar. Masu abin suna ƙoƙarin gyara ɓarnar da suka yi, mu kuma yanzu muke ɗaura ɗamarar fara ta. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

ABIN DA SHARI'A TA TSARA

Musulunci bai bar mu cikin duhu ba game da kare. A Suratul Ma'ida, aya ta 4, Allah (SWT) ya halatta mana abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo mana idan an ambaci sunansa, kuma Annabi (SAW) ya yi wa Adiyyu ɗan Hatim (RA) bayanin hukuncin horarren kare dalla-dalla, kamar yadda yake a Bukhari da Muslim. A cikin littattafan nan biyu kuma ya tabbata cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, ana rage masa lada kowace rana, ƙiraɗi ɗaya a wata ruwaya, biyu a wata. Ya kuma tabbata cewa mala'iku ba su shiga ɗakin da kare yake ciki. Ka ga ke nan ƙofar da aka buɗe ta aiki ce: farauta, kiwo, noma. Karen da aka saya don a ɗauki hoto da shi a sa a Facebook ba ya cikin ko ɗaya.

Game da tsaron gida, malamai da yawa sun yi ƙiyasinsa a kan tsaron gona da dabbobi. Masu sharhin Risala sun kawo labarin Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risalar da muke karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya. A cikin littafin ya hana ajiye kare a gida, amma da katangarsa ta faɗi a lokacin tsoro sai ya ajiye. Da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik, ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. Duk wanda ya kwana a ƙauyukan Zurmi ko Shinkafi a shekarun nan na 'yan bindiga ba ya buƙatar a fassara masa wannan amsa. Haushin kare da tsakar dare ya sha ba mutane damar tsira da rayukansu.

Shi ma zaɓen iri ba baƙon abu ne gare mu ba. Larabawa sun kiyaye nasabar dawakinsu, kuma Ibnu Umar (RA) ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya shirya tseren dawaki daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i. To amma lura da abin da ake gwadawa: gudu da juriya, abin da zai yi amfani ranar buƙata. Haka makiyayanmu suka fitar da Bokolo da Uda da Balami da jar akuyar Sakkwato, suna duban nono da nama da jure fari. Ba a taɓa jin Bafulatanin da ya zaɓi bijimin da ba ya iya numfashi don ƙahonsa ya yi kyau ba.

A Suratun Nisa'i, aya ta 119, an ba mu labarin alwashin Shaiɗan na cewa zai umarci mutane su tsattsage kunnuwan dabbobi kuma su canza halittar Allah. Na san masu tafsiri sun yi maganganu daban-daban a kan ma'anar canza halittar, don haka ba zan ɗora wa ayar abin da ban isa ba. Amma ka'idar hana cutarwa kaɗai ta wadatar. Wanda ya san haɗin da zai yi zai haifar da dabbar da za ta rayu cikin wahalar numfashi ko gurguntaka, ya kuma yi don kuɗi ko yabo, ya cutar da rai da gangan. Wannan hukunci ya haɗa har da masu datse wa kwikwiyo kunne da wutsiya da reza don ya yi kama da na hoto ko don a ce zai fi zafi, alhali Bukhari ya ruwaito tsinuwar Annabi (SAW) ga mai yanka gaɓoɓin dabba tana raye.

Sai maganar ciniki, wadda matasa ba su son ji. Hadisin Abu Mas'udin Al'ansari (RA) ya hana cin kuɗin kare. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad sun tafi a kan hanin gaba ɗaya, Imamu Abu Hanifa ya halatta, a mazhabarmu ta Malikiyya kuma an yi saɓani a kan karen da aka yi izinin ajiye shi, har Sahnun ya halatta sayar da shi. Amma karen da ba a yi izinin ajiye shi ba, Malikawa ba su yi saɓani a kan haramcin sayar da shi ba. Saboda haka mai shirin buɗe sana'ar karnukan ado ya san inda ya sa ƙafarsa.

KAREN DA MUKA RAINA

Abin dariya da ban haushi shi ne, karen da muke kora da dutse danginsa na can ana zagayawa da su a dandalin gasar Turai. A arewa da mu, a yankin Azawak da ya ratsa Nijar da Mali, Buzaye da maƙwabtansu suna da wani dogon kare siriri mai ɗan gajeren gashi, mai gudun kama zomo da barewa, mai gadin zango da dare. Tun shekarun 1970 Turawa suka fara kwasarsa zuwa Faransa da Yugoslabiya. A farkon shekarun 1980 hukumar karnuka ta duniya ta amince da shi da sunan Azawakh, ta Amurka kuma ta bi sahu a 2019. Da yake ƙalilan aka fara kaiwa, sai da masu kiwonsa suka riƙa dawowa Sahel neman sabon jini don kada irin ya lalace.

Dubi karen mafarautanmu da kyau: dogayen ƙafafu, faffaɗan ƙirji, dogon baki, gajeren gashi, shafaffen ciki. Ƙasar nan ce ta tace shi shekara da shekaru. Yana bin ubangidansa daji da rani tun safe har la'asar, ya ci ƙanzo da dusa ya tashi garau, karyar ta haihu da kanta ba likita. Wannan shi ne lafiyayyen iri da masana ke nema. Mu kuwa mun sa masa suna karen gida, muna zuba dukiya a kan wanda Allah ya yi wa bargon gashi don ƙanƙarar duwatsu, mu ɗaure shi a rana a Zamfara. Annabi (SAW) ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Ina mai ɗaure kare da sarƙa a kan siminti cikin watan Afrilu zai sa kansa?

LAIFINMU MU MALAMAI

Yanzu bari in juyo kanmu. Mun karantar da yara hadisin wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a ciki, kuma hadisi ne ingantacce. Amma nawa ne cikinmu suka gaya musu cewa a mazhabar Malik duk mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shehu Khalil, kuma wankewar bautawa ce ga umarni? Ko a wajen malaman da suka ce najasa ne, wa ya ce najasa lasisin zalunci ce? Nawa ne cikinmu suka karantar da hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, Allah ya gafarta masa, ko na matar banza daga Banu Isra'ila da aka gafarta wa saboda irin wannan aiki? Dukansu suna cikin Bukhari da Muslim. Mun ɗauki hadisin tsarki mun ajiye hadisin rahama, sai muka yaye yara masu ganin jifan karya mai shayarwa ibada ce.

Wannan sakaci kuma kanmu yake dawowa. Karen da ba mai shi, ba allura, ba abinci, shi ke yaɗa ciwon haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma har kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗauka. Da zarar alamunta sun bayyana, kamar tsoron ruwa da firgita, kusan babu mai tashi. Amma idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar takan yanke. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin wannan allura, kuma jami'o'in Sakkwato da Zariya suna yaye likitocin dabbobi. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar don fara allurar mutane. Kada a tsaya shafe-shafe ana jiran gani. Yaron da ke jifan kare shi ya fi kowa kusa da cizo, don haka koya masa tausayi kariya ce ga ransa.

GA MAI SON KIWO

Ban ce kowa ya ajiye kare ba. Wanda ba shi da buƙata, barinsa shi ne kiyaye ladarsa. Amma mafarauci da makiyayi da manomi da mai tsaron gida, ga abin da nake ganin amana ta ɗora musu:

1. Ka fara tambayar kanka aikin da karen zai yi. Idan amsar ita ce a gan ka da shi, ka tsaya nan.

2. Ka zaɓi irin da ya dace da ƙasarka. Lafiya da hankali da ƙwazo su ne ma'auni, launi da gashi su zo daga baya.

3. Kada ka haɗa uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko 'yan ciki ɗaya. Ka nemi namiji daga wani gari mai nisa.

4. Kare mai ɗingishin gado, ko farfaɗiya, ko cizon mutane ba dalili, kada a ɗauki iri daga gare shi, komai kyansa.

5. Kada a haɗa karya tun tana ƙarama, kuma a bar ta ta huta tsakanin haihuwa da haihuwa. Cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, 'ya'yan kuma kada a raba su da ita kafin mako 8.

6. Allurar hauka daga wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara, tare da allurar Parvo mai kashe kwikwiyo da amai da gudawar jini, da maganin tsutsar ciki da na kaska.

7. Inuwa da ruwa da wurin kwana a wajen ɗakunan mutane, da ƙwaryarsa ta daban.

8. Kafin ka haɗa su, ka san hannun da kowane kwikwiyo zai shiga. Zubar da su a bola ko kango zalunci ne, kuma shi ke cika gari da karnukan da ba mai su.

Idan kuma gasa ake so, ga wadda zan goyi baya. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukar kare ta duniya. Me zai hana sarakunanmu da shugabannin mafarauta da ma'aikatan dabbobi, a inda tsaro ya ba da hali, su tara masu karnuka a yi allura, a duba lafiya, a yaba wa wanda karensa ya fi ƙoshi da horo? Ba a kiwon kare ranar farauta.

Na san wani zai ce: Malam, ana kashe mutane ana sace su a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, kai kana maganar kare? Amsata ita ce, rashin tsaron ne ma ya sa masu neman karnuka suka ƙaru, kuma ƙauyen da aka tasa, karnukansa ba su da mai yi musu allura. Sa'annan zuciyar da ta saba ganin jinin dabba tana dariya tun tana shekara bakwai, ban san inda za ta tsaya ba idan ta kai ashirin. Ni dai na koma aji washegari na karantar da hadisin mai huffi, na sa yaran nan suka kai wa karyar ruwa da ragowar tuwo ina tsaye, daga nesa, har ta yaye 'ya'yanta. Ɗingishin bai bar ta ba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga ni ne da Shaiɗan, kuma ina maraba da gyara daga malamaina da 'yan'uwa. Allah ya sanya mu cikin masu jin ƙan halittunsa, ya jiƙan mu, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Wallahu a'alamu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.